Gidan jan bulo na Blickling: yadda aka gina shi, abin da ya riƙe shi shekara 400, da abin da ke iya kayar da shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne. Ina yawan ganin hotunan manyan gidajen karkara na Ingila da aka gina da jan bulo, ana cewa wai suna cikin rajistar gwamnati. Mene ne ma'anar wannan rajista? Kuma yaya aka yi ginin da babu siminti babu rodi ya kai shekara ɗari huɗu, alhali namu na bulo da siminti wani tun bai shekara talatin ba ya fara tsagewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka kashi biyu ce, kuma ta biyun ta fi nauyi, don haka a kanta za mu fi daɗewa. Maimakon a yi magana a dunƙule, gara a ɗauki gida guda a bi shi daga ƙasa har sama. Bari mu ɗauki Blickling Hall, wanda ke kusa da garin Aylsham a yankin Norfolk, gabashin Ingila.

Sir Henry Hobart, babban alƙali a zamanin Sarki James na ɗaya, shi ya sayi wurin a 1616. Ya tarar da tsohon gida wanda gwalalo ya kewaye, irin wanda ake haƙawa a bayan ganuwa, kuma gidan ya taɓa zama na dangin Boleyn, dangin Anne Boleyn matar Sarki Henry na takwas. Ya ɗauko Robert Lyminge ya ba shi aikin. Lyminge asalinsa kafinta ne, kuma kafin nan ya yi aikin Hatfield House, wani katafaren gidan jan bulo da aka gama wajen 1612. Shi ya sa duk wanda ya jera hotunan gidajen biyu zai ga hannu ɗaya ne. Hobart ya rasu a ƙarshen 1625 bai mori gidan ba, Lyminge kuma ya bi shi a 1628, a nan Blickling aka binne shi.

Dalilin zaɓen bulo a fili yake. Norfolk ba ta da dutsen gini mai kyau. Abin da take da shi yumɓu ne da alli da ƙanƙarar duwatsu. Jigilar sassaƙaƙƙen dutse daga nesa a keken doki ko ta ruwa tana cin kuɗi fiye da kima, don haka ake ajiye shi don kusurwoyi da bakin tagogi da ƙofar shiga, sauran jikin gini kuwa bulo. Ga kuma cinikin da ke tsakanin gabashin Ingila da ƙasashen Holan da Filandas (arewacin Beljiyam na yau), inda sana'ar ƙona bulo ta daɗe da kafuwa. Tun a 1432 Sir John Fastolf ya fara gina fadarsa ta Caister da bulo, kuma shi ma ya taɓa mallakar Blickling. Oxburgh Hall na 1482, shi ma a Norfolk, na bulo ne. Wato Hobart bai zo da sabon abu ba, ya bi al'adar yankinsa ne.

Sai ka san yadda ake yin bulon kafin ka gane halinsa. A wancan zamani yawanci a kusa da wurin gini ake buga shi. Ana haƙo yumɓu da kaka, a tara shi a bar shi a waje duk tsawon hunturu, ruwa da ƙanƙara su farfasa shi su laushe shi. Idan sanyi ya wuce sai a tattake shi, a tsince duwatsu, a riƙa danna shi da hannu cikin akwatin katako da aka barbaɗa wa yashi. A jera a inuwa ya sha iska na makonni. Daga nan sai a tula dubbai a wuri guda, a bar hanyoyin wuta a ƙarƙashi, a lulluɓe tulin, a kunna itace ya yi ta ci. Zafin da ake nema yana wajen digiri 900 zuwa 1,000, amma ba kowane bulo ke samun rabo ɗaya ba. Na kusa da wuta yakan ƙone har ya yi baƙi-baƙi da sheƙi, na tsakiya ya fito ja mai kyau, na gefe ya fito fari-fari da laushi. Birkila ba ya zubar da ko ɗaya: mai kyau a fuska, mai laushi a cikin bango inda ruwa ba ya kai masa, ƙonannen kuma a gidaje da yawa na ƙarni na 16 da shi ake zana ado mai kama da raga a jikin bango. Wannan bambancin launi shi ke ba tsohon bango kyan da bulon inji ba ya iya kwaikwayo.

Girmansa ma daban ne. Bulon Ingila na yau milimita 215 ne tsawo, 102.5 faɗi, 65 kauri. Na da tsawonsa wajen inci tara, faɗi wajen huɗu da rabi, amma kaurin bai cika wuce inci biyu zuwa biyu da kwata ba, kuma ba ka samun guda biyu da suka yi daidai cif. Saboda haka layin kwaɓin da ke tsakani yake da kauri, don da shi birkila ke cinye bambancin ya daidaita sahu. Idan ka ga bulo siriri da layin kwaɓi mai kauri, to kana gaban tsohon aiki. Idan ka ga bulo ƙato fiye da yadda aka saba, ka yi zargin shekarun 1784 zuwa 1850, lokacin da gwamnati ta ɗora haraji a kan kowane bulo dubu, masu bugawa suka riƙa ƙara masa girma don a rage yawansa.

Jerin da ake yi a zamanin Blickling shi ake kira jerin Ingila. Sahu ɗaya duk bulo yana kwance a tsawonsa yana nuna gefe, sahun da ke bisa kuma duk an juya shi yana nuna kai, ya ratsa cikin bango ya ɗaure fuska da ciki. Kusa da kusurwa, bayan bulo na farko mai nuna kai, ana saka wanda aka raba biyu a tsawonsa, don kada gaɓar sama ta faɗo daidai kan ta ƙasa. Ba abin da ya fi wannan jeri ƙarfi. Daga baya jerin Filandas ya shigo, inda ake sa kai ɗaya gefe ɗaya a sahu guda. Ya fi kyan gani, ƙarfinsa ya ɗan gaza. Gidan da ake kira Kew Palace a Landan, na 1631, yana cikin na farko da aka yi da shi, kuma kafin ƙarnin ya ƙare ya zama yayi. Kaurin bango kuwa da bulo ake ƙirga shi: bulo ɗaya inci tara, ɗaya da rabi inci goma sha uku da rabi, biyu inci goma sha takwas. Babban gida yakan fi haka a ƙasa, yana raguwa yayin da ake hawa. Cikinsa cike yake, babu rami irin na bulon siminti.

Yanzu ga ainihin amsar tambayarka: kwaɓin. Simintin Portland, wato irin simintin da muke gini da shi yau, sai a 1824 Joseph Aspdin ya yi masa rajista, shekara ɗari biyu bayan an gina Blickling. Abin da aka ɗora bulon a kansa farar ƙasa ce da yashi. Ana ƙona alli ko dutsen farar ƙasa a zafin digiri 900, ya fito ɗanye mai cin hannu, a zuba masa ruwa ya tafasa ya koma kamar kindirmo, sannan a haɗa da yashi. Wannan kwaɓi ba ya kamewa cikin kwana guda. A hankali yake shan iska yana komawa dutse, abin da ke ɗaukar watanni a fuska, shekaru a cikin bango.

Abu uku yake yi wa gini. Na farko, ya fi bulon laushi. Idan ƙasa ta ɗan motsa, ko zafi da sanyi suka sa bango ya miƙe ya tsuke, motsin yana rarrabuwa a dubban gaɓoɓi, kowace ta ɗauki ɗan kaɗan, maimakon ya taru a wuri guda ya tsaga bango daga sama har ƙasa. Shi ya sa za ka ga dogon bango babu ko gaɓar miƙewa ɗaya, wani ma ya ɗan karkace amma bai fashe ba. Na biyu, ƙananan tsagu sukan liƙe da kansu, domin ruwan sama yana narkar da ɗan farar ƙasa ya sake ajiye ta a cikin tsagar. Na uku, kuma shi ne babba, yana barin ruwa ya fita. Bangon yana shan ruwa idan ana ruwa, kaurinsa ya hana ruwan kaiwa ciki, idan iska ta kaɗa ya fitar da shi, kuma mafi yawansa ta layin kwaɓi yake fita. Gishirin da ruwan ya ɗauko a nan yake taruwa, kwaɓin ya riƙa ci a hankali, bulon ya tsira. Da gangan aka bar kwaɓin ya zama shi ke shan wahala, domin sake shi abu ne mai sauƙi, sake bulo kuwa aiki ne.

Duk wanda ya taɓa ganin an yaɓa filastar siminti a kan ginin tubali a Kano ko Zariya ya riga ya san wannan darasi. Shekara biyu uku abin ya yi kyau, sai ruwa ya sami tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓallo gaba ɗaya da rabin bangon. Makuba da laso sun dace da tubali ne don halinsu ɗaya da shi. Haka farar ƙasa take da tsohon jan bulo. Ginin bulon siminti kuwa siriri ne, mai tauri, ba ya lanƙwasa, kuma ƙarfinsa ya dogara da rodi. Da ƙasa ta motsa sai tsaga, da ruwa ya kai ga rodi sai tsatsa ta kumbura ta fasa kankare daga ciki. Idan aka haɗa da rage siminti da rashin ba bulo ruwa bayan an buga, shekara talatin ma an yi ƙoƙari.

Mu koma ga fasalin gidan. Mai zuwa daga kudu yakan shiga wani dogon fili, hagu da dama ga dogayen gine-ginen hidima na bulo, a gabansu shingen itatuwa masu kauri da ake aske wa, duk suna jan ido zuwa ƙofar. Fuskar gidan dama da hagu daidai suke. A kowace kusurwa akwai hasumiya mai kusurwa huɗu da hular dalma mai lanƙwasa. A tsakani akwai goshi uku masu lanƙwashe-lanƙwashe irin na Holan, waɗanda ke ɓoye ƙarshen rufi, kusan aikin da zanko da rawani ke yi a saman soro, ado da nuna isa. A tsakiya hasumiyar agogo ce ta katako da aka shafa wa farin fenti, wadda aka sake ginawa wajen 1830. Ana tsallaka gwalalon, wanda yanzu busasshe ne, ta kan gada, inda sassaƙen bijimai, tambarin gidan Hobart, ke tsaye. Tagogin manya ne, an raba su da ginshiƙan dutse a tsaye da a kwance, gilashin ƙanana-ƙanana an ɗinke su da zaren dalma, domin a lokacin ba a iya yin babban falle. Yawan gilashi da yawan bututun hayaƙi shi ne nuna arziki na zamanin: kowane bututu yana cewa akwai ɗaki mai murhu a ƙarƙashinsa.

Tsohon gwalalon ne ya tilasta wa Lyminge fasalin ciki. Filin dogo ne siriri, don haka gidan ya zama mai tsakar gida biyu, ɗaya bayan ɗaya, babban zauren yana tsakaninsu. Ɗakin da ya fi kowanne suna shi ne doguwar baranda ta cikin bene a ɓangaren gabas, mai tsawon ƙafa 123, wajen mita 37, wadda aka yi don masu gida su riƙa zagayawa idan sanyi ko ruwa ya hana fita. Silin ɗinta na filasta ne mai zane-zane, aikin Edward Stanyon. Bayan rasuwar Sir Richard Ellys, wani dangin gidan Hobart, a 1742 aka kawo littattafansa gidan, barandar ta koma ɗakin karatu mai littattafai sama da dubu goma sha biyu.

Kada ka ɗauka duk abin da ka gani na zamanin Sir Henry Hobart ne. Daga shekarun 1760, John Hobart, ɗaya daga zuriyarsa, wanda ya yi jakadan Birtaniya a Rasha, ya sa Thomas Ivory da ɗansa William, magina daga Norwich, suka sake ɓangaren arewa da na yamma, suka kuma ciro babbar matakalar katako daga inda take suka dasa ta cikin babban zaure, suka mai da ita mai reshe biyu. Abin yabo a aikinsu shi ne sun bi salon tsohon ginin a lokacin da kowa ke rushe irinsa yana gina na yayi. Ido mai horo ne kawai ke rabe aikin biyu, ta launin bulo da kaurin gaɓa. A 1940 Philip Kerr, Lord Lothian, jakadan Birtaniya a Amurka, ya rasu ya bar gidan da filayensa ga ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, ita ke riƙe da shi har yau.

Batun rajista kuwa ga yadda yake. Tun dokokin tsara gari na 1944 da 1947 aka fara rubuta gine-ginen da ke da muhimmanci ta fuskar tarihi ko fasaha, kuma dokar 1990 ce ke aiki a kai yanzu a Ingila. Hukumar Historic England ce ke kula da rajistar, wadda ke da gine-gine kusan dubu ɗari huɗu. Mataki uku ne. Na ɗaya, inda Blickling yake, kashi biyu da rabi ne kacal cikin ɗari. Na biyu mai tauraro bai kai kashi shida ba. Sauran, sama da kashi casa'in, mataki na biyu ne. Kusan duk ginin da ya girmi 1700 kuma bai canza kama sosai ba yana ciki, haka mafi yawan na 1700 zuwa 1850.

Shiga rajista ba ya mayar da gida na gwamnati, kuma ba ya hana gyara. Abin da yake nufi shi ne, duk aikin da zai taɓa kamannin ginin, ciki ko waje, sai an nemi izini daga ƙaramar hukuma: cire murhu, sauya taga, rushe bangon ɗaki, goge fuskar bulo, har da sauya irin kwaɓi. Kariyar ta haɗa da abin da ke manne da ginin, da gine-ginen harabarsa da suka girmi Yulin 1948, kamar bargar dawaki da katangar lambu. Idan gidan na mataki na ɗaya ne ko na biyu mai tauraro, sai an sanar da Historic England. Yin aiki ba izini laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyu, ko tara mara iyaka, kuma ana iya tilasta masa ya mayar da abin yadda yake. Mai gidan da ya yi sakaci kuma, hukuma na iya yin gyaran gaggawa ta aiko masa da lissafi. A ganina raunin tsarin shi ne ya fi iya hana mugun aiki fiye da sa a yi na kirki a kan kari, domin kuɗin gyara yawanci a wuyan mai gida yake.

Abin da ke lalata irin waɗannan gidaje kusan duk ruwa ne. Abin mamaki, ruwan da ke sauka a Norfolk a shekara bai kai na Kaduna ba. Matsalar ita ce yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, rana ba ta da ƙarfin busarwa, sannan ga ƙanƙara. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da wajen kashi tara cikin ɗari, kuma idan a cikin jiƙaƙƙen bulo ya daskare, fuskar bulon ce ke ɓarewa.

Daga rufi ake fara dubawa. Waɗannan goshi da hasumiyoyi masu ban sha'awa kowanne yana da kwarin ruwa a bayansa, an shimfiɗe shi da dalma, ba a ganinsa daga ƙasa. Ganye ko mushen tattabara ya toshe bakin bututu, ruwa ya taru ya haura gefen dalmar ya gangara cikin bango, ba wanda ya sani sai silin ya yi tabo. Ana share su aƙalla sau biyu a shekara, musamman bayan zubar ganye. Ita kanta dalmar tana miƙewa da zafi, don haka ba a shimfiɗa ta doguwa. Dalma mai lamba 7 a ma'aunin kauri, wato milimita 3.15, ba a wuce mita biyu da rabi a falle guda, sai a yi ɗan tudu a ɗora na gaba, kuma gangaren kada ya gaza ɗaya cikin tamanin. Wanda ya shimfiɗa ta doguwa ko ya kafe ta da ƙusa ta ko'ina, za ta yamutse ta tsage.

Na biyu shi ne gyaran gangar Auzinawa da aka yi wa dubban gidaje a ƙarni na 20, wato cike gaɓoɓi da siminti. Simintin ya fi bulon tauri kuma ba ya fitar da ruwa, sai ruwan ya koma fita ta jikin bulo, gishiri da ƙanƙara su cinye shi. Alamar ba ta ɓuya: layukan siminti sun fito zaro-zaro kamar raga, bulon da ke tsakani ya lotsa ciki yana zubar da jan gari.

Yadda ake yin aikin daidai shi ne, da farko ba a taɓa gaɓar da ke da lafiya. Inda kwaɓi ya ci ya yi zurfi ko yake zuba da ɗan taɓi, nan kawai ake bi. A ɗauki samfurin tsohon kwaɓin a narkar a ga irin yashinsa da launinsa, domin yashi ne ke ba kwaɓi launi. A kwarzo gaɓar da hannu, da siririn kurfi ko ƙugiya, zurfin ya ninka faɗin gaɓar sau biyu, a ƙalla milimita ashirin zuwa ashirin da biyar, bayan ramin ya zama a miƙe. Injin giranda ba shi da wuri a nan, don yana yanke bakin bulo ya faɗaɗa gaɓa har abada. A share ƙura, a fesa ruwa bangon ya yi danshi amma kada ya riƙa ɗiga, in ba haka ba busasshen bulo zai tsotse ruwan kwaɓin kafin ya kama. Haɗin da aka saba kwano ɗaya na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa da ta kwanta aƙalla wata uku, kwano biyu da rabi zuwa uku na wankakken yashi mai kaifi da ya haɗa manya da ƙananan ƙwayoyi. Ruwa kaɗan, kwaɓin ya yi tauri har ya tsaya a bakin ƙarfe bai zame ba. A danna shi da siririn ƙarfe da ya shiga gaɓar, idan ramin mai zurfi ne a cika shi hawa-hawa, a bar kowane hawa ya ɗan kama. Idan ya yi taurin da farce ke iya shiga amma yatsa ba ya lotsa shi, sai a kankare shi ya ɗan koma bayan bakin bulo, a bubbuga shi da buroshi mai tauri don ya matse, yashin ya bayyana. Sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara na kwanaki, mako guda ko fiye, a kare shi daga rana da iska da ruwa. Idan ya bushe da sauri zai yi fari ya koma gari. Ba a yin aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri biyar, shi ya sa lokacinsa daga wajen Afrilu ne zuwa Oktoba. Kuma kafin a sake wa ma'aikata bango, ana sa su yi gwaji a kan murabba'in mita guda, a bar shi ya bushe, jami'in hukuma ya gani ya yarda.

Bulon da fuskarsa ta mutu ana zaro shi ɗai-ɗai. Wani lokaci juya shi kawai ake yi, bayansa ya koma gaba. In ba zai yiwu ba, a sa a buga sabo da hannu daidai girmansa da launinsa. Har yau akwai ƙananan masana'antu a Ingila da wannan ce sana'arsu. Wanke bango da yashin inji ɓarna ce, domin yana cire tauraruwar fatar da wuta ta yi wa bulo, abin da ke ƙarƙashi kuma laushi ne. Haka shafa masa maganin hana shan ruwa ko fentin roba: ruwa zai shiga ta wani wuri ya rasa mafita.

A gindin bango, waɗannan gidaje ba su da shimfiɗar hana danshi, wadda sai a ƙarshen ƙarni na 19 ta zama ƙa'ida. Mafi yawan danshin da ake gani a ƙasa daga ƙasar waje ne da ta taru shekara da shekaru ta haura daɓen ciki, ko kankaren da aka zuba har jikin bango, ko bututun da ya fashe. Maganinsa a sauke ƙasar ta koma aƙalla milimita 150 ƙasa da daɓe, a gyara magudana. Huda bango a ɗura masa sinadari ba ya tsinana abin kirki a bango mai wannan kauri, sai dai ya bar jerin ramuka.

Akwai kuma ƙarfen da aka ɓoye cikin dutsen tagogi da kan goshi don ɗaure su. Idan ya yi tsatsa yana kumbura ninki da dama ya fasa dutsen. Ana ciro shi a sa ƙarfen da ba ya tsatsa. Bututun hayaƙi yakan karkata saboda sinadarin hayaƙi da ruwa suna kumbura kwaɓin gefen da ya fi jiƙa, kuma wanda aka daina amfani da shi ba a toshe shi ruf, ana bar masa hanyar iska sama da ƙasa. Katakon rufi da na bene, yawanci itacen ok, yana lafiya muddin danshinsa bai haura kashi ashirin cikin ɗari ba. Da ya haura, ruɓa ta samu wuri, musamman a kan gungumen da ke cikin bango, haka wani ƙwaro mai huda ok da ke barin ramuka masu faɗin milimita uku. Feshi ba ya kai masa can ciki. Busar da katakon ne ke korarsa. Saboda haka ake ɗumama irin waɗannan gidaje kaɗan-kaɗan bisa ma'aunin danshin iska, ana riƙe shi tsakanin kashi 40 da 65, ba don jin daɗin mutane ba. A Blickling ma asu ya addabi darduma da labule, har a 2021 aka gwada sakin wasu mitsi-mitsin zanzaro da ke kashe ƙwansa.

Wuta kuwa a yini guda take cinye abin da ruwa zai yi shekara ɗari yana ci, kuma sau da yawa lokacin gyara take tashi. Gidan Uppark, shi ma na bulo, ya ƙone a Agustan 1989 daga wutar masu gyaran dalmar rufi, sai 1995 aka sake buɗe shi. Clandon Park ya ƙone a Afrilun 2015 daga akwatin rarraba wutar lantarki, wutar ta bi ramukan da ke bayan bango da ƙarƙashin bene ta game gidan. Shi ya sa a yau ba a kunna wutar walda a kan irin wannan rufi sai da takardar izini ta musamman, a tsayar da aikin tun da sauran rana, a bar mai gadi yana dubawa na sa'o'i bayan an kashe, in ma zai yiwu a haɗa dalmar a ƙasa sannan a hau da ita. Cikin rufin kuma ana raba shi da bangayen tare wuta, kuma duk bayan shekara biyar masani ya zagaya gidan tun daga hular hasumiya har gindin gwalalo, ya rubuta abin da za a gyara nan take, da na bana, da wanda zai iya jira zagaye na gaba.